Damisoshin Ramatu

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai goyo ta lallashi nata. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba ƙirƙirarriya ba ce, da ƙafata na taka ta.

Tun da na dawo daga Abijan ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ta shigo, "Goggo Dije, yaya ƙasar take?" Waccan ta tare ni a gidan suna, "Wai da gaske ne jikarki damisa take kiwo?" Na faɗa, na faɗa, har muƙamuƙina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da matar autana na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Wanda ya sa na tafi shi ne ɗana na fari. Ba zan kama sunansa ba, can Mai Shanu suke ce masa, nan ma haka zan ce. Ku yaran yanzu kun fara sakin wannan al'ada, amma mu a nan ƙasar Ningi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta duban tsakiyar idonsa. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ya yi shekara talatin da wani abu a Abijan yana fataucin shanu, ya auri wata 'yar ƙabilar Jula ta can mai suna Awa, suka haifi 'ya'ya, babbarsu Ramatu.

Wata rana ya kira ƙaninsa a waya ya ce, "A gaya wa Goggo ta zo, Ramatu ta fi ƙarfina." Ashe yarinyar nan karatun namun daji ta yi a jami'a, ta sami aiki da wasu mutane masu bin sawun damisa a wani kurmi can yammacin ƙasar. Ta je sau biyu, uban ya ce ya isa, in ta sake tafiya ba da albarkarsa ba. Ita kuma ba za ta taka ƙofa ba tare da albarkar ba. Wata uku ke nan tana zaune a gida, ba ta ci sosai, uba da 'ya ba mai yi wa wani magana sai gaisuwa. Mutanen aikin sun ce in damina ta kama ba ta koma ba, za su ba wani gurbinta. Abu ɗaya kawai su biyun suka yarda da shi: a kira Kaka, abin da ta yanke shi ke nan.

Aka ce a saya mini tikitin jirgi. Na ce a'a. Sau ɗaya na hau jirgi, zuwa Makka, don Allah na yi. Ba zan sake hawa don damisa ba.

Sai aka haɗa ni da Hajiya Lami, wata mai fataucin atamfa da turare daga Kano, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Mace ce gajera mai murya kamar kakaki, ba ta yin shiru sai in tana salla. Tun daga tasha ta karɓe ni ta ce, "Goggo, ke dai ki riƙe carbinki, ni zan riƙe bakin." Haka kuwa aka yi.

Muka tafi, muka tafi, har Ikko. Ikko ban ga komai ba sai bayan motoci. Daga nan aka shiga iyakoki, guda huɗu, kowace sai an sauko, an yi layi, an dubi fuskarka an dubi hotonka. Mai duba ta farko ta daɗe tana kallona tana kallon takarda. Hajiya Lami ta ce mata, "Ita ce, lokacin tana da haƙora ne." Muka wuce Kwatano, teku na hannun hagu tana ta tafasa ba wuta. Na ɗan yi gyangyaɗi, da na farka aka ce mun gama ƙasar Togo. Na ce, "Ƙasa guda a gyangyaɗi ɗaya?" Hajiya Lami ta ce, "Ai da kin yi minshari da Gana ma ta wuce."

A bakin Gana ne aka tare ni. Na ɗauko wa Mai Shanu kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, don na san ba abin da ɗan ƙasarmu ke kewa kamar su. Wani dogo mai kaki ya buɗe jakata, ya ga ƙullin gari kore, fuskarsa ta canja. Ya kira wani, wanin ya kira wani. Suka buɗe ƙullin daddawa, sai duk suka ja da baya lokaci ɗaya. Hajiya Lami tana ta Turancinta, ba mai saurare. Ni kuwa na tsaya na dafa sandata, na ce a raina ikon Allah, na tsufa za a ɗaure ni a kan miya. Can sai ga wata mai kaki, 'yar arewacin ƙasar, ta sunsuna ta fashe da dariya, ta ce da Hausa, "Kaka, yi haƙuri, waɗannan 'yan bakin teku ne, ba su san abinci ba." Na gutsura mata daddawa uku. Ta riƙe mini jaka har bakin mota.

Muka kwana biyu a zangon Ankara, babban birnin Gana, gidan wata 'yar'uwar Hajiya Lami. Mutanen kirki. Suka ba ni shinkafa da wake ja wur, da wani yaji baƙi wanda ya sa na yi salati da ƙarfi. Suka ba ni wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo. Na ɗauka ya lalace ne, na ture shi gefe a hankali don kada in kunyata uwar gida, ashe haka ake son sa.

A iyaka ta ƙarshe laifin nawa ne. Aka ce kowa ya fito da katin allurar shawara. Ni kuwa tun daga Kano na sa nawa cikin lalitar goro, kusa da jiƙaƙƙen ganye, tambarin duk ya narke ya koma kamar lalle. Aka ce sai an sake. Wata ma'aikaciya ta kama hannuna ta tsira mini, ta ga na runtse ido, ta ce, "Yako, Mama." Wannan ce kalmar farko da na koya a ƙasar, haka suke cewa sannu. Na ji daɗinta fiye da allurar.

Motarmu ta tsaya a Tireshbil, wata unguwar Abijan, da hantsi. Na hango shi tun kafin in sauko. Ya yi furfura. Ban san ɗana ya yi furfura ba, ba wanda ya gaya mini. Ya zo ya tsuguna har ƙasa a tsakiyar tasha, da babbar rigarsa, ya ce, "Goggo, sannu da hanya." Na kau da kai na dubi Awa na ce, "Na same ku lafiya? Ya yaran?" Abin da ke cikin ƙirjina ni kaɗai na sani.

Muka hau wata ƙaramar mota da suke kira woro-woro, irin wadda ke tsayawa ko'ina, ta ɗauki kowa, ta bi duk lungun da ta ga dama, muka haura Ajame zuwa unguwar Wiliyamsbil. Gidan ba irin namu ba ne. Ba zaure, ba katangar da ta raba maza da mata. Tsakar gida ɗaya ce doguwa, kur suke ce mata, ƙofofi goma suna kallon juna, a nan Bajula, a nan Bamoshe, a nan Bahaushe, a nan mai zuwa coci, famfo ɗaya. Kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Akwai wata maƙwabciya, Madam Akisi, ƙatuwa mai faɗa, in ta fito da kwanukan wankinta bakin famfo kowa sai ya koma ɗaki. Ni dai tun ranar farko ta kawo mini soyayyar ayaba tana ce mini "la biyey", wai tsohuwa ke nan, kuma girmamawa ce.

Abincinsu rogo ne da aka barza kamar tsaki, acheke, da kifi. Rana ta biyu Awa ta ce, "Mama, yau garba za mu ci." Na ce, "Wane Garba? Me ya yi muku?" Suka yi ta dariya har Madam Akisi ta leƙo. Ashe sunan acheke da soyayyen kifi ne, wai don mutanenmu ne suka fi sayar da shi. Na ci, ya yi daɗi, amma na kaɗa miyar kukata da daddare na ji na dawo mutum.

Ramatu kuwa doguwa ce siririya, idonta irin na babana. Hausarta a karye take, rabi Faransanci, amma in ta rasa kalma sai ta kama hannuna ta matse, sai in gane. Na ce, "Ƙawata, ke ce kika hana gida barci?" Ta sunkuyar da kai. Wuyanta duk ya fito.

Ban yi gaggawa ba. Na ce sai na ga kowane gefe. Na bi Awa Kasuwar Guro, inda mata ke da iko, su ke tsawata wa direbobi, su ke sa a sauke doya da ayaba tuli-tuli. Muka biya ta wajen mahauta, duk 'yan ƙasarmu. Suka taso da murna, "Uwar Alhaji! Sannu da zuwa, Inna!" Ana cikin gaisuwa wani mai wasa da Mai Shanu ya ɗaga murya ya ce, "Inna, yaushe jikar taki za ta kawo mana wasan damisa Ajame? Mu tanadi ganga!" Wani ya ce, "Da ma gardawa maza ne, Alhaji ya fito da mace!" Aka kwashe da dariya. Ba mugunta suke ba, amma na ga Awa ta ja mayafinta ta rufe baki. A nan na gane rabin ciwon ɗana. Ɗaya rabin Awa ce ta gaya mini a hanya: tun ranar da Ramatu ta fara zuwa kurmi, in wayarsa ta yi ƙara sai ya yi salati kafin ya ɗauka.

Kashegari na ce wa Ramatu, "Kai ni in ga damisar taki." Ta ce, "Kaka, suna nesa, kwana guda a mota. Amma zo ki ga biro ɗinmu." Ofis ke nan a bakinsu. Muka gangara muka hau jirgin ruwa muka haye zuwa Tireshbil. Wani ɗaki ne a saman shagon masu ɗinki, kusa da kasuwa. Ba sarƙa, ba keji, ba ko wutsiya. Sai na'urori da kwalabe a jere. Na ɗauki kwalba ɗaya na ce, "Wannan fa, magani ne?" Ta ce, "Kashin damisa ne." Na ajiye. Kowace kwalba da takarda a manne, kamar 'yan makaranta. Ta ce a ciki suke ganin gashi da ƙashi, su san abin da kowace ta ci. Su kuma hotunan, wasu ƙananan akwatuna suke ɗaure wa itatuwa, duk abin da ya gifta sai su ɗauke shi. Ita kanta sau ɗaya ta taɓa ganin damisa ido da ido, ita ma bayanta ta gani tana gudu.

Ta kunna mini hotunan a na'ura. Wata damisa ta fito a hankali, ta tsaya, ta saurara, ta wuce kamar mai tsoron tada maƙwabta. "Wannan Tanti ce, tsohuwa. Ba ta fita daga tsakiyar kurmi. Gada take ci, ba ta son biri, ba ta son hayaniya." Sai wani ƙato mai faɗin kai, yana tafe kamar ƙasar tasa ce. "Wannan kullum hanya ɗaya yake bi, lokaci ɗaya, ya duba iyakarsa ya koma. Ba ya son canji. Birai yake kamawa. In yana nan ƙananan maza ba sa shigowa." Na ce, "Shi ba shi da suna?" Ta dubi ƙasa ta ce, "Alhaji." Na dube ta, ta dube ni. Na ce, "Allah Ya shirye ki."

Na ukun bai gifta ba, kan akwatin ya nufo, ya cika hoton da hanci, sai duhu. "Woro-woro ke nan. Saurayi ne. Ko'ina yana shiga, hanyar mota, gonar koko, bayan gari. Ya fasa mana akwati biyu."

Na ce, "To, ba duk damisa ba ce?" Ta ce, "Kaka, kin ga Madam Akisi? In ta fito famfo, Mama sai ta fasa wanki ta tafi kasuwa da wuri, yara su koma wasa waje, mai sayar da gawayi ya zo ya tarar ba kowa. Halin mace ɗaya ya juya gidan duka. Da mai sanyi ce a ɗakin nan, da gidan wani iri ne. Haka kurmi. Inda Tanti take, gada ba ta tsayawa ta cinye ƙananan itatuwa, sai su girma. Inda Alhaji yake, birai ba sa sauka, ba sa daɗewa a itace ɗaya, sai su yar da ƙwallon 'ya'yan itace can nesa, ya tsiro a can. In aka cire ɗaya, ba damisa ɗaya aka rage ba, wurin ne zai zama wani wuri."

Sannan ta gaya mini abin da ke hana ta ci. Akwai ƙauye a bakin kurmin, awakinsu na ɓacewa. Sun ce in abin ya ci gaba za su zuba guba a mushe su ajiye a cikin daji. Ita tana zargin Woro-woro ne, amma sai ta koma ta tabbatar, ta nuna musu. "Shi ba ya komawa kan abin da ya ci ya bari. Tanti ce mai komawa. Ita za ta mutu, Kaka, ita da ba ta taɓa ganin akuya ba."

Muka hau jirgin ruwa muka dawo, ina kallon ruwa, ina jin wani abu da na binne shekara sittin yana motsi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Awa. Mai Shanu ya zauna can gefe a kan kujera, ni da Ramatu da Awa a ƙasa. Maƙwabta kowa ya sami aikin yi a bakin ƙofarsa. Shi ya fara, yana kallon ƙasa. Ya ce bai hana ta karatu ba, shi ya kai ta. Ya ce 'ya mace a daji, cikin maza da macizai, in wani abu ya same ta me zai ce wa Allah. Ya ce ya zama abin dariya a kasuwa. Sannan ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Kuma mu gidanmu kashe damisa muka gada, ba renonta ba. Kakana, mahaifin Goggo, shi ya harbe damisar dutse, har yau ana yi masa kirari. Goggo na nan, ta faɗa."

Kowa ya juyo gare ni. Ni kuwa ba zan iya fuskantarsa in yi masa dogon zance ba, ban taɓa ba. Sai na juya masa kafaɗa, na kama hannun Ramatu na ce, "Ƙawata, matso in ba ki labari. Wanda kunnensa ya ji, ba ni na kira shi ba.

"Ina 'yar shekara tara, garinmu yana gindin dutse. A kan dutsen akwai damisa mace, Ta-Dutse muke ce mata. Tun kafin a haife ni take nan. Sawunta kowa ya san shi, ƙafar gaba ba yatsa ɗaya. Ba ta taɓa ɗaukar ko kaza ba. Abincinta manyan biran nan, bika, su kuma saboda ita ba sa yarda su sauko. Gonakinmu na gindin dutse sun fi na kowa dawa. Mata na zuwa itace su ga sawunta a kan nasu, su ce Ta-Dutse ta riga mu, su ci gaba da aikinsu.

"Wata shekara sai awaki suka fara ɓacewa. Babana maharbi ne, ya duba sawu ya ce baƙo ne, namiji, yatsunsa cikakku. Ana nan sai aka ɗauke ragon layyar dagaci. Dagaci ya kira babana gaban jama'a ya ce yana son fatar damisa kafin ranar kasuwa, in ba zai iya ba a kira maharbin wani gari. Babana ya yi kwana uku yana neman baƙon. Baƙo ba shi da hanya, yau gabas, gobe yamma. Ita kuwa Ta-Dutse, kullum da sassafe a kududdufi ɗaya take shan ruwa. Rana ta huɗu ya je can ya zauna.

"Aka yi kiɗa, aka yi guɗa, aka ba shi riga. Kirarin da kuke ji ranar aka yi shi. Ni na kai masa tuwo, ya ce in mayar.

"Ba a yi kwana bakwai ba aka ɗauke wata akuya. Kafin kaka, baƙi biyu ne a dutsen maimakon ɗaya, don mai korarsu ba ta nan, kuma ba wanda ya iya kama bika a cikinsu, awaki sun fi sauƙi. Birai suka sauko. Shekarar farko bakin gona suka ci. Ta biyu har rumbu suke buɗewa. Aka cire mu daga makarantar allo, daga safe har yamma muna kaɗa gwangwani a gona. Wani ya ciji ƙanena a cinya, da ɗingishi ya rayu. Zabin daji da muke ji kowace safiya suka ɗauke, birai sun shanye ƙwansu. Shekara ta uku muka bar gonakin, rabin gari ya tashi. Gidan da aka haifi ubanki a cikinsa, gidan gudun biri ne.

"Babana bai sake ɗaukar baka ba, mutane suka ce ya ƙoshi da suna ne. Sai a ciwon ajalinsa, ina ba shi ruwa, ya riƙe hannuna ya ce, 'Dije, na san sawunta. Na san ba ita ba ce. Da na sami mutum ɗaya ya tsaya tare da ni gaban dagaci ya ce wannan daban, waccan daban, da ban je kududdufin nan ba.' Maza suka riƙe kirarin, ni na riƙe wannan. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke."

Har Madam Akisi da ba ta jin Hausa ta kashe famfo. Ramatu tana kuka. Ban waiwaya ba, amma na ji kujera ta yi ƙara.

Can Mai Shanu ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ramatu. Ke kina iya bambance su? Da gaske, ba a takarda ba?"

Ta ce, "Baba, kai in an sauke shanu hamsin daga mota, ba ka sanin wanda zai yi tunkuyi?"

Ya ce, "Tun kafin ya sauko."

"To, haka."

Ya miƙa hannu, ta ba shi wayarta. Ya ga Tanti, ya gyaɗa kai. Ya ga Woro-woro ya ce, "Wannan ɗan iska ne, ga idonsa." Ya zo kan na ukun ya daɗe, ya ce, "Wannan dai dattijo ne. Ya sunansa?" Awa ta tura fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya karanta abin da ke rubuce a ƙasan hoton da kansa. Ya dubi 'yarsa. Ya sake duban hoton. Ya ce, "Aƙalla kin ba ni mai ƙiba."

Da dariya ta lafa ya ce ta matso. Ta durƙusa, ya ɗora hannu a kanta. Ya ce duk Juma'a ta kira shi ko da sama za ta hau ta nemi layi, kada ta shiga kurmi ita kaɗai, kada ta bar salla. Ya ce, "Je ki gaya musu wacce ce wacce. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki." Muka shafa.

Sannan ya juyo wajena ya ce, "Goggo, me ya sa ban taɓa jin wannan ba?" Na buɗe baki zan ce wa Awa ta gaya masa, sai na ga furfurar nan tasa. Na dube shi, ido cikin ido, na ce, "Ba ka taɓa zama inda nake ba da labari ba. Ba laifinka ba ne." Iyakar abin da na iya ke nan. Ya sunkuyar da kai ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira ba.

Na ƙara sati biyu. Na raka Ramatu tashar Ajame da jakarta da manyan takalmanta irin na sojoji, ta rungume ni a gaban mutane kamar yadda suke yi a can, na bar ta. Dawowa kuwa jirgi aka sa ni, ƙafafuna sun kumbura, ban yi gardama ba.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Hajiya Lami tana nan tana hawa da sauka, ta aiko mini da turare da saƙon cewa mai kakin nan ta bakin Gana tana tambayar daddawa. Awa ta koyi kaɗa miyar kuka, amma har yau kifi take sa mata. Madam Akisi ta tashi ta koma garinsu, Awa ta ce yanzu famfon ba tsari, kowa na faɗa da kowa. Mahauta ba su daina tsokana ba, sai dai yanzu Mai Shanu da kansa yake fito da waya ya nuna musu takwaransa. Ranar Juma'a in ya gama da 'yarsa sai ya kira ƙaninsa ya ce a ajiye wayar kusa da ni in ina ba yara labari. Saurare kawai yake yi. Ina jin kukan shanu a bayansa.

Ramatu ta isa kafin ruwan farko. Ta ɗaura akwatunanta a bayan ƙauyen, kwana goma sha wani abu suka ɗauki hoton ɓarawon da akuya a baki, shi ne dai wanda take zargi. Ta tara dattawa ta nuna musu shi, ta nuna musu sauran. Ba a zuba gubar ba. Suka yi wa garken awaki rufi, suna shigar da su tun rana ba ta faɗi ba. Tanti tana nan a tsakiyar kurminta, an gan ta da ɗa guda a baya. Alhaji yana zaga iyakarsa. Woro-woro bai tuba ba, in ya sami sarari yakan ɗauki kare. Amma Ramatu ta ce yanzu in abu ya ɓace a ƙauyen ba sa cewa damisa ta ci. Tsohuwa takan fito bakin gari ta fuskanci daji, ta kira shi da sunansa, ta zage shi shi kaɗai.

Nan ta tsaya, nan na sauke ta. Ku tashi ku duba tukwanenku.